Wai darasin lojik yana da amfani ga mai koyon kwamfuta, ko wahalar banza ce?

Ummi_200:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina son amsa ta gaskiya, ba ta lallashi ba. Ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, wannan zangon an ɗora mana darasin lojik, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Mako shida ke nan ba abin da muke yi sai zana tebur mu cika shi da T (gaskiya) da F (ƙarya). Ni haɗa manhaja na zo koya, ga shi ko sau ɗaya ba mu taɓa kwamfuta a darasin nan ba. Jiya abin ya kai ni maƙura. Malam ya rubuta a allo cewa jimlar "idan P, to Q" gaskiya ce duk sanda P ta zama ƙarya. Na ɗaga hannu na ce, malam, ke nan in na ce "idan Kano a bakin teku take, to ni ce Sarauniya Amina", gaskiya na faɗa? Ya ce ƙwarai kuwa. Aji ya tuntsire da dariya, shi kuma ya ce mu haddace haka nan, zai fito a jarrabawa. Yayyena da kuka gama kuna aiki, kun taɓa cin karo da wannan abu a wurin aiki?

Sarkin_Shakka:
Wa alaikumus salam. Ki haddace, ki ci jarrabawarki, ki manta. Shekara bakwai ina haɗa shafukan intanet ina ci da iyalina, ba wanda ya taɓa biyana don na zana masa teburin gaskiya.

ƊanGwale:
Sarkin Shakka, to duk "if" ɗin (wato "idan") da kake rubutawa a kod kullum fa, me ake kiransa? Kana cin tuwon kana zagin dawa.

Sarkin_Shakka:
Wannan hankali ne kawai, ba sai an je aji ba.

Baffa_Linux:
Ummi, bari mu fara da abin da ya dame ki. Ki ajiye Sarauniya Amina, ki ɗauki alkawari. Mahaifinki ya ce: idan kin ci jarrabawa zan saya miki waya. Yaushe za ki iya cewa ya saɓa? Kin ci, ya saya, ba magana. Kin ci, bai saya ba, nan ne ya saɓa. Kin faɗi, bai saya ba, ai bai yi miki ƙarya ba. Kin faɗi, amma ya ji tausayinki ya saya, nan ma bai yi ƙarya ba, don bai taɓa cewa me zai yi in kin faɗi ba. Layi huɗun da ke teburinku ke nan, kuma a layi ɗaya tak jimlar take karyewa. T ɗin da ke sauran ukun ba cewa take maganar tana da ma'ana ba, cewa take ba a kama mai maganar da ƙarya ba. Laifin malaminku shi ne da ya ce ku haddace.

Ummi_200:
Baffa na gode, wannan ya ɗan zauna. Amma har yanzu akwai abin da ke sukar zuciyata. Alkawari daban, gaskiya daban.

Hajjo_Kod:
Ƙanwata, ni labarin abin kunyata zan ba ki. Na haɗa wa wata ƙungiyar mata manhajar adashe. Dokarsu ita ce mace za ta kwashi kuɗi idan layi ya zo kanta kuma ta gama zubi. Sai na zo rubuta wurin da za a hana ɗauka, na juya sharaɗin da ka, na rubuta: a hana idan layi bai zo ba kuma ba ta gama zubi ba. Kin ga inda na yi ɓarna? Kishiyar "A kuma B" ita ce "ba A ba ko kuma ba B ba". Ni na bar "kuma" a inda take. Sakamakon haka, duk wadda ta gama zubinta manhaja sai ta buɗe mata ƙofa ko layi bai zo kanta ba. Ranar Juma'a da daddare uwar adashe ta kira ni, muryarta na rawa, mata biyu duk sun ga saƙon cewa kwasarsu ce. Ina riƙe da waya a kafaɗa ina laluben kwamfuta da fitilar hannu saboda ba wuta. Kalma ɗaya na canza. Wannan juya "kuma" zuwa "ko" dokar De Morgan ce, wadda na samu maki mai kyau a kanta a aji biyu, na kuma jefar da ita a bakin ƙofar ɗakin jarrabawa kamar yadda Sarkin Shakka yake ba ki shawara.

Sarkin_Shakka:
Hajjo da kin gwada manhajar da kyau da kin kama shi. Gwaji ne maganin wannan, ba tebur ba.

Hajjo_Kod:
Na gwada mana. Na gwada wadda ta cika duka biyun, na gwada wadda ba ta cika ko ɗaya ba. Na tsakiyan ne ban tuna da su ba, su ne kuma tebur yake tilasta maka ka kalla.

Bazazzagi_PhD:
Wannan gardama ta gwaji tsohuwa ce. Tun wajen 1970 masanin kwamfuta Dijkstra ya faɗa cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu. Kuma ba ƙananan masu kodin kaɗai abin yake kamawa ba. A 1994 aka gano cewa na'urar Pentium ta Intel tana kuskure wajen raba wasu lambobi. Kuskuren ba ya fitowa sai a lambobi ƙalilan, shi ya sa ya tsallake gwaji, amma sai da kamfanin ya ware dala miliyan 475 don canza wa mutane. Daga nan ne masu ƙera irin waɗannan na'urori suka rungumi tabbatarwa ta hanyar hujjar lissafi da gaske.

Ummi, abin da ba a faɗa muku ba shi ne teburin nan matakin farko ne kawai, kuma shi kansa ba ya zuwa ko'ina. In jimla tana da harafi 3 (irin su P da Q), teburinta layi 8 ne. Harafi 10 layi 1,024. Harafi 20 ya haura miliyan ɗaya, 30 ya haura biliyan. Da'irar lantarki ta gaske tana da dubbai. To tambayar da ta haifi fannin nan gaba ɗaya ita ce: ta yaya kwamfuta za ta gano ko akwai hanyar da jimla za ta zama gaskiya ba tare da ta bi layi-layi ba? Ita ake kira SAT. A 1971 Stephen Cook ya nuna tana cikin matsaloli masu tsananin wuya, har yau ba wanda ya san hanya mai sauri da za ta warware kowace irinta. Duk da haka manhajojin da ake da su yanzu, waɗanda tushensu dabarar masanin lissafi Martin Davis da abokansa ce ta farkon shekarun 1960, suna cinye matsaloli masu haruffa dubu ɗaruruwa idan daga aikin gaske suka fito. Wannan gibi tsakanin abin da ka'ida ta tsoratar da abin da ake gani a aikace, shi ya ja ni cikin fannin.

MalamZaure:
Ku yi haƙuri da katsalandan, ni ba ɗan kwamfuta ba ne, ɗana ne ya sa ni a nan. Amma abin da nake karantawa ya yi kama da manɗiƙi, wato lojik na littattafan Larabci, da muka yi a zaure. Mun haddace littafin Sullam na Akhdari, mun san ƙadiyya sharɗiyya (jimla mai "idan"), muƙaddam (sharaɗin) da tali (abin da ke biyo bayansa). Misalin da malaminmu, Allah ya jiƙansa, yake bayarwa: idan an ga wata, azumi ya ƙare. Sai ya tambaye mu, to azumi ya ƙare, ashe an ga wata? Duk mai gaggawa sai ya ce e. Sai ya ce a'a, ƙila cika talatin aka yi. Tabbatar tali ba ya tabbatar da muƙaddam. Ashe wannan ne kuke yi da harafin Turawa?

Bazazzagi_PhD:
Allah gafarta Malam, shi ne ainihinsa. Tushen ɗaya ne, daga Aristotle, ta hannun su Farabi da Ibn Sina. Abin da ya ƙaru shi ne a 1847 George Boole ya mayar da shi lissafi, a 1879 Frege ya kawo hanyar rubuta "kowane" da "akwai" ta yadda za a iya jera su cikin juna, sannan a 1937 wani ɗalibi, Claude Shannon, ya nuna lissafin Boole shi ne daidai yadda makunnan lantarki suke aiki. Daga nan ya shiga cikin ƙarfe.

Abu_Hafsa:
Amma Malam, ba malamai sun yi magana a kan manɗiƙi ba? Na ji ana cewa wasu sun hana.

MalamZaure:
Sun yi, ɗana, kuma shi kansa mai Sullam ya kawo saɓanin. Ibnus Salah da Nawawi sun hana, wasu suka ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali da ya san Alƙur'ani da sunna. Gazali yana cikin masu ƙarfafa shi. Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Suyuɗi yana kare manɗiƙi. Kuma tsoron waɗanda suka hana a kan cakuɗa shi da falsafa ne cikin aƙida. Ban ga yadda hakan zai shafi yarinyar da take son manhajarta ta daina kuskure ba.

ƊanGwale:
Kai, yau mun shiga zaure ba shiri. Malam a ci gaba da leƙo mu.

Zee_Data:
Ni abin da ya fi ba ni wahala a darasin ma ba "idan" ba ne, "ko" ce. A gida in aka ce "tuwo ko shinkafa", ɗaya za ki zaɓa. A lojik kuma wai "ko" ta yarda da duka biyun. Na faɗi tambaya biyu a gwajin aji saboda haka.

Baffa_Linux:
Ai Hausar ma tana da duka biyun, Zee. In aka ce "mai katin zaɓe ko katin ɗan ƙasa ya shigo", wanda ya zo da biyun ba za a kore shi ba. Mu ne muke gane wacce ake nufi daga yanayin magana. Kwamfuta ba ta da wannan basira, dole a zaɓa mata ɗaya. Haka "kowa yana da uwa" da "akwai uwa ɗaya ta kowa": kalmomi kusan ɗaya, an sauya musu wuri kawai, ma'ana ta yi hannun riga. Rabin rigimar da nake yi da masu ba ni aiki a kan irin wannan ne.

Ɗan_Maradi:
Ina gaida kowa. Ni a Faransa nake aiki, a ɓangaren jiragen ƙasa, don haka bari in ba Ummi amsar ko ana cin abinci da abin nan. Layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, da aka buɗe a 1998, ba shi da direba. Ɓangaren manhajarsa da ya shafi tsaron rayuka an gina shi ne da hanyar da ake kira B, ta Jean-Raymond Abrial. Yadda aikin yake: za ka fara rubuta abin da dole ya tabbata, misali jirgi biyu ba za su taɓa kasancewa a yanki ɗaya na layi ba. Duk matakin da ka ƙara, na'ura za ta fito maka da jerin abubuwan da sai ka kawo hujjarsu. Mafi yawansu ita take warwarewa da kanta, sauran ta bar maka. Akwai ranar da zan wuni a kan guda ɗaya, shayi ya huce, sai can yamma in gane ba hujjar ce ta gagara ba, abin da na rubuta ne ba gaskiya ba. Na manta da halin da jirgi yake tsaye daidai kan iyakar yanki biyu. Wannan ranar ba a jin daɗinta, amma ita ce ranar da ka ci albashinka.

Sarkin_Shakka:
To ai ka ji. Faransa. Jirgin ƙasa marar direba. Ita Ummi a nan za ta nemi aiki, inda abin da ake nema shi ne ka haɗa shafi cikin mako biyu.

Ɗan_Maradi:
Wannan kam gaskiyarka ce, irin aikina ba shi da yawa a wajenmu. Ban musa ba.

Ticha_Bala:
Sarkin Shakka bari in ba ka na gida. Ni malamin sakandare ne, ni ake ɗora wa jadawalin darussa duk farkon zango. Da takarda da fensir nake yi, kwana huɗu ina gogewa. Bara ƙanina ya nuna min Z3, manhajar Microsoft ce ta kyauta mai warware sharuɗɗan lojik, ana kiranta daga yaren kod na Python. Muka zauna muka rubuta sharuɗɗa: malami ba zai shiga aji biyu a lokaci ɗaya ba, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ne, ranar Juma'a a tashi kafin masallaci, malamin lissafi na haya Litinin da Laraba kaɗai yake zuwa, da sauransu. Muka danna. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ta rubuto kalma ɗaya: unsat. Wato ba jadawalin da zai cika duka. Na ce ƙarya take. Ƙanina ya sa ta nuna sharuɗɗan da suke karo, sai ga su guda uku: darussan da aka ɗora wa malamin hayar sun fi adadin lokutan da ke cikin kwana biyun da yake zuwa, in aka cire lokacin taron safe. Shekara biyu ina zargin kaina da rashin dabara, ashe abin da shugaban makaranta yake nema ne ba ya yiwuwa. Na buga takardar na kai masa. Bai ji daɗi ba, amma ya ƙara wa mutumin kwana ɗaya.

Hajjo_Kod:
Ticha wannan ya burge ni wallahi. Da a makon farko za a nuna wa su Ummi irin wannan, da ba ta zo nan tana kuka ba.

Musty_AI:
Duk wannan tarihi ne. Yanzu kana tambayar ChatGPT ya rubuta maka kod ya kuma duba maka. Nan da 'yan shekaru wa zai zauna yana hujja?

Bazazzagi_PhD:
Musty akasin haka nake gani. Waɗannan manhajoji suna kawo amsa da cikakken ƙarfin hali ko daidai ce ko ba daidai ba. In na'ura ce za ta riƙa rubuta kod da yawa, buƙatar mai dubawa da ba a yi masa daɗin baki ƙaruwa za ta yi. Ka duba abin da kamfanin DeepMind na Google ya yi a 2024: tsarinsu ya warware tambaya 4 cikin 6 na gasar lissafi ta duniya, matakin lambar azurfa, kuma AlphaProof, ɓangare na tsarin, a cikin Lean (manhajar duba hujjar lissafi) yake rubuta hujjarsa, don Lean ba ta karɓar mataki sai ya bi ƙa'ida. Ɗaya yana laluben hanya, ɗaya yana tsaron ƙofa.

Sarkin_Shakka:
Ni dai na tuna an ce mana masanin lissafi Alan Turing ya tabbatar ba za a iya duba manhaja ta atomatik ba. To me kuke sayar mana?

Bazazzagi_PhD:
Abin da ya nuna a 1936 shi ne babu hanya ɗaya da za ta yanke hukunci a kan kowace manhaja da za a iya rubutawa. Bai ce ba za a iya tabbatar da wata takamaimiya ba. A 2009 wasu masu bincike a Ostareliya sun tabbatar da seL4, zuciyar tsarin sarrafa kwamfuta mai layin kod kusan 8,700 a yaren C, da Isabelle, wata manhajar duba hujja. Sai dai hujjar ta kai layi wajen 200,000, ta ci aikin da ya kai shekara 20 in da mutum ɗaya ne. Don haka in tsada kake nufi, ina bayanka. Ba wanda zai yi wa shafin sayar da atamfa haka.

Baffa_Linux:
Kuma a ƙara da wannan, kada mu zuga yarinya fiye da kima: hujja tana tabbatar da abin da ka rubuta ne, ba abin da kake nufi ba. Rokar Ariane 5 ta tarwatse a tashinta na farko a Yunin 1996, daƙiƙa kusan 40 da barin ƙasa. An ɗauko manhajar Ariane 4 ne, inda ake cusa wata lamba mai faɗi (bit 64) cikin ƙaramin gurbi (bit 16). A tsohuwar rokar an yi lissafi lambar ba za ta taɓa cika gurbin ba, kuma lissafin daidai ne. Sabuwar ce tafiyarta ta bambanta. Zaton da aka gina a kai ne ya tashi, ba wanda ya koma ya duba.

Zee_Data:
To mu da ba mu da malamin da zai nuna mana, daga ina za a fara? Datata ba ta da yawa.

Bazazzagi_PhD:
Ki nemi Natural Number Game, a burauza ake yinsa ba sai kin sauke komai ba, kodayake ya fi daɗi a kwamfuta a kan waya. Za a ba ki sifili da "mai bi masa", ki gina sauran da hannunki a Lean. Ranar da kika tabbatar 2 + 2 = 4 na'ura ta amince, za ki yi dariya ke kaɗai. Bayan nan ki sa Z3 ta warware miki sudoku.

ƊanGwale:
Ni a matakin a + b = b + a na maƙale kwana biyu. Abin da ɗan firamare ya sani.

Ummi_200:
Na karanta duka, Allah ya saka. Labarin Ticha Bala da na Yaya Hajjo sun fi shiga raina, don su nake iya hango kaina a ciki. Amma in faɗi gaskiya, Sarauniya Amina tana nan daram. Na yarda ba a kama ni da ƙarya ba. Ban yarda na faɗi gaskiya ba.

Hajjo_Kod:
Buɗe Python ki rubuta all, wadda take duba ko duk abin da ke cikin jeri gaskiya ne, ki ba ta jerin da ba komai a ciki. True za ta ba ki. "Duk 'yan ƙungiya sun yi zubi" gaskiya ce a ƙungiyar da ba kowa, don ba wadda za a nuna a ce ga wadda ba ta yi ba. Sarauniyarki ce ta sake kaya. Ko ba ki yarda da ita ba, wata rana za ta buɗe wa wani ƙofa a manhajarki.

Bazazzagi_PhD:
Kuma ba ke kaɗai ba ce, Ummi. Akwai masana da abin ya dame su har suka gina wasu nau'o'in lojik da suke sharɗanta alaƙa tsakanin P da Q. Wanda ake koya muku an zaɓe shi ne don ya fi sauƙin lissafi, ba don ya kama duk abin da "idan" take nufi a bakin mutane ba.

Sarkin_Shakka:
Kun gani ko? Su kansu ba su daidaita ba. Ummi ki ci jarrabawarki. Ticha, kai kuma turo min kod ɗin jadawalin nan ta akwati, matata ce take haɗa na islamiyyarsu.

MalamZaure:
Hajiya Hajjo, wannan na ƙungiyar da ba kowa bai zauna min ba. A karatunmu, in ka tabbatar da hukunci a kan abu, sai abin ya kasance akwai shi tukuna. Ya aka yi ku kuka sauke wannan sharaɗi? Bari in dawo daga la'asar a yi min bayani a hankali.